Saurayi Mai Shan Jini: Me 'Yan Matanmu Suka Gani A Jikinsa?

  Yau zancenmu a wannan fili ya faɗo ne a kan wani irin littafi da ya shigo mana gida ba sallama, wanda na tabbata iyaye da yawa ba su ma san ya shigo ba.

Ni malama ce, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Fagge. Ran nan ina tsakiyar darasi sai na lura da wata yarinya a layin baya, ta duƙufa a kan littafin lissafi tana ta murmushi ita kaɗai. To, ke ma kin sani, lissafi ba ya sa mutum murmushi. Na taka a hankali na tsaya a kanta, sai ga wani littafin Turanci ta cusa a tsakiyar na lissafin, bangonsa baƙi, da hoton hannuwa biyu riƙe da jan tuffa. Na karɓe. Ta ce, "Don Allah Malama ki yi haƙuri, aro na yi, kuma saura babi uku in gama." Na ce ta same ni ranar Litinin.

Niyyata in jefa shi cikin durowa in manta da shi. Amma ranar Juma'a da daddare, bayan yara sun yi barci, sai na ce bari dai in duba in ga abin da ya raba yarinyar nan da lissafi. Ba zan ɓoye miki ba 'yar'uwa, ban ajiye littafin nan ba sai da na ji kiran assalatu, ranar Asabar kuwa da ƙyar miyata ta tsira. Daga nan na nemi waɗansu irinsa na karanta. Saboda haka abin da zan faɗa miki yau magana ce ta wadda ta ɗanɗana, ta ji zaƙin, ta kuma ji inda ɗacin yake.

Wane ne mai shan jini?

A camfin mutanen gabashin Turai akwai mamacin da ba ya kwanciya a kabarinsa. Da dare yakan fito ya tsotsi jinin masu rai, ya koma kafin gari ya waye. Shi ne Turawa ke kira bamfaya. Da fari abin tsoro ne kurum. A shekarar 1897 wani marubuci mai suna Bram Stoker ya fitar da littafin Dracula a Landan, inda mai shan jinin ya baro gidansa ya zo Ingila yana farautar 'yan mata, har waɗansu mutane suka haɗa kai suka bi sawunsa suka halaka shi. Shekara da shekaru haka aka san shi, mugu abin gudu.

Sannu a hankali sai marubuta, galibinsu mata, suka yi masa wanka, suka sa masa tufafi masu kyau, suka mai da shi saurayi. Littafin da na karɓe a hannun ɗalibata sunansa Twilight, wata Ba'amurkiya mai suna Stephenie Meyer ce ta rubuta shi, ya fito a 2005. Labarin wata yarinya ce Bella, 'yar shekara 17, wadda ta koma wurin ubanta a wani ɗan gari mai yawan hadari da ruwan sama da ake kira Forks, ta haɗu da wani kyakkyawan saurayi Edward a makaranta. Ashe mai shan jini ne, sai dai shi da mutanen gidansu sun haramta wa kansu jinin ɗan Adam, na dabbobin daji suke sha. Kafin ƙarshen 2008 littafin ya zama guda 4, daga baya an sayar da fiye da kwafi miliyan 100, an kuma yi masa fim 5 tsakanin 2008 da 2012.

Akwai kuma waɗanda aka rubuta don raha da ban dariya. A cikin Undead and Unwed na MaryJanice Davidson, wanda ya fito a 2004, wata sakatariya ce mota ta buge ta mutu, ta farka ta ga ta zama mai shan jini. Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa shi ne matar ubanta ta kwashe mata takalmanta masu tsada, ta sa mata na banza a ƙafa. A wani kuma na Kerrelyn Sparks, na 2005, wani attajirin mai shan jini ne haƙorinsa na cizo ya fita, ya bazama cikin dare yana neman likitar haƙori kafin gari ya waye, daga nan soyayya ta ƙullu. Wallahi tilas ki yi dariya.

Yaya aka yi suka iso mu?

Kada ki ce ai wannan sha'anin Turawa ne, ina ruwanmu. Ki leƙa Sabon Gari wajen masu baza tsofaffin littattafan Turanci a bakin titi, a can irin waɗannan ke fitowa, yarinya ɗaya ta saya, aji guda ya karanta har bango ya cire. Wadda ba ta jin Turanci sosai ta kalli fim ɗin. Wadda ke da waya kuwa ba ta bukatar zuwa ko'ina.

Kuma dai iri ne ya faɗa a ƙasa mai laima. Mu Hausawa mun saba da labarin mutum da aljan tun daga tatsuniya, da Dare Dubu da Ɗaya, da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam wanda ya fito a 1934. Silimomin Kano, irin su Plaza ta nan Fagge, sun daɗe suna nuna wa maza finafinan Indiya, sa'an nan kaset ɗin bidiyo ya kawo su har cikin ɗakunan iyayenmu mata. Ki tambayi gwaggonki labarin macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace, za ta ba ki labarin Nagin na 1976 ko Nagina na 1986 tiryan-tiryan. Littattafan soyayya na Hausa su ma suna da tarihinsu. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, kuma yayyenmu sun sha karɓo irinsu haya a wurin masu tebur, a karanta a mayar.

Yanzu abin ya koma waya. Ana rubuta labari shafi-shafi ana sakewa a WhatsApp da Wattpad, waɗansu a karanta su da murya a YouTube, mace na wanke-wanke tana saurare. A cikinsu akwai masu yawa da saurayin ba mutum ba ne, ɗan sarkin aljanu ne da ya ga wata marainiya a bakin rijiya ko a ƙarƙashin tsamiya ya kamu da sonta. Da na gwada su da na Turawa sai na ga suna ne kurum ya bambanta. Can mai shan jini, nan aljani, amma saurayin ɗaya ne, halinsa ɗaya.

Inda zaƙin yake

Bari mu yi wa littattafan nan adalci tukuna, domin wanda bai san abin da ke jan yaro zuwa wuri ba, ba zai iya dawo da shi ba.

Na farko, saurayin nan mace ɗaya ya gani a duniya. Ya yi shekaru yana yawo a doron ƙasa bai ga wadda ta kwanta masa ba sai ita, ita ɗin ma ba wata sarauniyar kyau ba, yarinya ce kamar kowa, mai kunya, mai yawan tuntuɓe. Ba kishiya, ba zancen "zan ƙara". Ke matar aure da kika kwana kina juyi saboda kin ji ƙishin-ƙishin maigida na neman aure, ai ba sai na yi miki bayanin abin da ya sa irin wannan labari ke sanyaya zuciya ba.

Na biyu, a gidan mai shan jini ba a rigimar kuɗin cefane. Ba haya, ba kuɗin makaranta, ba ciwo, ba tsufa. Mace da ta tashi tun asuba tana fama da murhu da yara da tsadar kasuwa, in ta sami rabin awa ta shiga wata duniya inda ba a tambayarta me za a ci, wa zai ga laifinta? Hutu ne, kuma kowane rai yana bukatar hutu.

Na uku, yana saurarenta. Yana tambayarta me take so, me take tunani, ya zauna ya ji amsa. Har ma a cikin Twilight shi ne ya dage sai an ɗaura aure kafin komai. Ina ganin wannan sauraron ya fi kyan fuskarsa jan hankalin 'yan mata, kuma da mazanmu za su karanci wannan fili, da na ce su ɗauki darasi a nan kyauta.

Sa'an nan a matsayina na malama dole in faɗi wata gaskiya. Yarinyar da na karɓe wa littafi, wadda da ƙyar take gama shafi biyu na littafin aji, ta karance shafi ɗari huɗu da wani abu na Turanci ba wanda ya sa ta. Karatu kamar daka ne, sai da yi hannu ke faɗawa.

Inda ɗacin yake

To, amma fa kyan ɗan maciji ne. Ki zauna mu tsefe labarin a hankali.

Shi Edward, bisa ga littafin, ya zama mai shan jini ne a 1918, shekarar babbar murar nan da ta kashe mutane a duniya har da nan Kano, lokacin yana ɗan shekara 17. Watau sa'ad da ya haɗu da Bella ya haura shekara 100, fuskar ce kurum ta yaro. Mu da muka daɗe muna kuka a kan aurar da ƙaramar yarinya ga sa'an kakanta, yaya za a yi mu tafa wa wannan don kawai ba shi da furfura? Ɗan sarkin aljanun namu ma haka yake, ya shekara ɗaruruwa, ita kuwa ko sakandare ba ta gama ba.

Bayan wannan, ki dubi yadda yake nuna son. Yana shiga ɗakinta ta taga da dare yana kallonta tana barci, ba da saninta ba. Yana bin ta a ɓoye in ta fita. A littafi na uku har ya cire wani abu a injin motarta don kada ta je wurin wani abokinta. A littafi na biyu da ya tafi ya bar ta, ta yi watanni kamar gawa, ta daina kula ƙawayenta, ta shiga jefa kanta cikin haɗari don kurum ta riƙa jin muryarsa a kunnenta. Duk wannan littafin ya nuna shi a matsayin tsananin so. A labaran aljanu na waya kuwa, sau da yawa za ki ga yana korar mata samari, yana razana duk wanda ya kusance ta, yana hana ta sakat, ita kuma daga tsoro ta koma so.

Nan ne tsorona yake 'yar'uwa. Yarinya ba za ta haɗu da mai shan jini a Kantin Kwari ba, amma za ta haɗu da saurayi mai binciken wayarta, mai raba ta da ƙawayenta, mai ce mata in ta bar shi sai ya kashe kansa ko ya kashe ta. In ta shekara biyar tana karanta cewa wannan shi ne so na gaskiya, ranar da ya zo mata a zahiri ba za ta gane shi ba, marhabin za ta yi masa. Wacce ce a cikinmu ba ta san wata da ta shiga irin wannan gida da guɗa, ta fito da kumburin fuska ba?

Sai kuma abin da yarinyar ke bayarwa. Burin Bella tun daga littafi na farko shi ne a mai da ita irinsa, ko da za ta rabu da uwa da uba da duk abin da ta sani. Shi ne ma ke matsa mata ta tafi jami'a, ita tana nuƙu-nuƙu. A ƙarshe ta samu abin da take so, ga kyau, ga ƙarfi, ga dukiya, kuma ba wadda ta samu da guminta, duk ta hanyarsa suka zo. Ki gwada ta da Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wadda miji ya kora da 'ya'yanta, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Ko Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila?, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, daga baya ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Su ma labaran so da aure ne masu daɗin karatu, amma in kin rufe littafin akwai abin da ya rage a hannunki.

Ta fuskar rubutu ma akwai rauni. In kin karanta uku kin karanta talatin. Yarinya talaka, saurayi mai sirri, a tona sirrin, a rabu, a dawo. Kyan fuskarsa kaɗai sai a yi ta maimaita shi kamar karatun allo. Masu ban dariyar kuwa kamar alewa suke, daɗi a baki, bayan awa guda ga yunwa, bayan mako ba ki tuna sunan kowa a ciki. Na waya kuma waɗansu ana jan su ne da gangan, sai an kai ki inda numfashinki ya tsaya a ce sai kin biya kafin a ci gaba.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya mini a rai. A wurinmu wanda ya fi kusa da mai shan jini shi ne maye, wanda aka camfa cewa yana da ƙanƙara a ciki yana kama kurwar mutane. To, ki lura, a cikin labaran nan in mai cutarwar kyakkyawan saurayi ne sai a so shi a yafe masa, in kuwa tsohuwa ce ko kishiya ko uwar miji, ita ce mayya, ƙarshenta wulaƙanci. Wannan kuwa a zahiri rai yake ci. A watan Fabrairu na 2025 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa saboda kashe wata tsohuwa mai shekara 67 a wani ƙauye a 2023, bayan matar ɗaya daga cikinsu, wadda ba ta da lafiya, ta ce ta gan ta a mafarki. Marubutanmu su riƙa tuna wannan kafin su liƙa wa tsohuwa maita don labari ya yi armashi.

Abin da kaka ta riga ta faɗa

Da nake karatun nan sai na tuna wata tatsuniya da kakarmu takan yi mana a tsakar gida. Wata budurwa ce ta rantse ba za ta auri namiji mai tabo a jiki ba. Samarin gari suka zo ɗaya bayan ɗaya ta kore su, wannan sartse ya taɓa yi masa rauni, wancan ƙaya ta karce shi a gona. Sai Dodo ya ji labari, ya rikiɗa ya zama saurayi sumul, ko ƙwarzane babu. Iyaye suka ce ba su san asalinsa ba, ta ce ita sai shi. Aka ɗaura aure suka kama hanya, sai da suka yi nisa cikin daji ya koma kamanninsa. Ba don ƙanwarta da ta bi ta a baya ba, da ta zama abincin dare.

Kin ga ashe labarin ba sabo ba ne. Kakanninmu ma sun san daɗin labarin baƙon saurayi mai kyau mai sirri, shi ya sa muke kasa kunne har barci ya kwashe mu. Bambancin shi ne, a bakin kaka yarinyar gudu take yi ta dawo gida, ta gane cewa namijin da ba shi da tabo ba mutum ba ne, domin duk wanda ya yi noma ko ya ɗauki kaya a kasuwa sai an ga alama a jikinsa. A littattafan yanzu kuwa yarinyar ce ke roƙon Dodo ya mai da ita Dodanniya, a kuma ce mana sun zauna lafiya har abada.

To, mene ne abin yi?

Ƙwacewa da ƙonawa dai an gwada. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata a nan Kano. Ba a daina rubutu ba, ba a daina karatu ba, yau ga labaran nan cikin waya inda ashana ba ta kaiwa.

Shawarata gare ki uwa ita ce, ki san abin da 'yarki ke karantawa. Ki karɓa ki duba, in ba ki iya ba ki sa ta ba ki labarin kuna tsinkar zogale. Kada ki fara da faɗa, ki fara da tambaya. Me ya burge ki da shi? Da ƙanwarki ce ya yi wa haka, za ki yarda? Wanda kika ga batsa ce zalla, wannan ba shawara a kansa, ki raba ta da shi. Sauran kuwa ki haɗa mata da masu nauyi, irin waɗanda na ambata, kamar yadda ba kya barin yaro ya wuni da alewa ba tuwo.

Ke kuma 'yar makaranta, ki karanta ki yi dariyarki, amma bayan kin gama aikin gida da na makaranta, ba a tsakiyar littafin lissafi ba. In kin rufe littafin ki bar saurayin a ciki. Wanda zai zo ƙofar gidanku mutum ne, yana gajiya, aljihunsa yana bushewa, zai tsufa. Ki auna shi da yadda yake girmama iyayenki, da ko yana murna da karatunki, da yadda yake yi in kin ce masa a'a.

Ranar Litinin ɗalibata ta zo ofis tana sunkuyar da kai. Na miƙa mata littafinta, ta zaro ido ta ce, "Malama, kin karanta?" Na ce na karanta, har na riga ki gamawa. Sa'an nan na tambaye ta, "Da wani saurayi zai hauro katangar gidanku da tsakar dare, ya tsaya a kanki yana kallonki kina barci, me za ki yi?" Ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Ihu zan yi Malama, in ce ɓarawo!" Muka yi dariya, na ce to ki riƙe wannan, ki je ki gama babi ukunki. Na kuma ara mata Wa Zai Auri Jahila?, da sharaɗin ta zo ta gaya mini wacce ta fi burge ta tsakanin Abu da Bella.

Ina jiran wasiƙunku 'yan'uwa, musamman ku da kuke ganin na tsananta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.